Shirun Ɗakin Mama

Abin da mai ɗaukar sauti ya samu na mahaifiyarsa, bayan ya bincike duk katunan rikodarsa, minti ɗaya ne, kuma ba ta ce uffan a ciki ba.

Ƙanwarsa ce ta sa shi binciken, 'yan kwanaki bayan rasuwar mahaifiyar tasu. Suna ɗakin marigayiyar suna ninke kayanta, sai ta ce, "Yaya, ka turo min muryar Mama. Yarana za su tashi ba su san ta ba. Ko faɗa take yi, ina so."

Ya ce to, bai ma yi wani tunani ba. Shekara da shekaru yana yawo da 'yar rikodar nan a wuya, yana naɗar hayaniyar kasuwa da ruwan sama a kan kwano da muryoyin mutane, yana sayar wa masu fim da gidajen rediyo. Kuma rabin aikin a gidan nan ya yi shi. Ɗakin Mama yana can ƙarshen lungu, mota ba ta shiga, labule mai kauri da katifa suna shanye amsa-kuwwa. Nan yake kawo masu karanta talla.

Mama kuwa bakinta ba ya hutawa. Ana tsakiyar ɗauka sai ta leƙo: "Kunnen Zomo, baƙin naka sun sha ruwa?" Haka take kiransa, saboda abin sauraron da yake kifawa a kunne. Shi kuma sai ya ɗaga hannu, ya tsayar, ya goge. A sana'arsa, duk ɗaukar da wata murya ta faɗo ciki ta lalace, kuma bai taɓa barin lalatacciya ta kwana a kati ba. Abokan aiki har yabonsa suke yi a kan wannan tsaftar.

Minti ɗayan da ya tsira, shirun ɗaki ne. Masu sana'ar kan naɗe shi bayan an gama aiki: kowa ya tsaya cak, a ɗauki yadda ɗakin yake in babu mai magana, don a cike gurbi da shi wajen haɗa sauti. A ranar, Mama tana bakin gado, ta ƙi fita.

"Mama, don Allah, minti ɗaya."

"Yanzu har shirun ma sayarwa kuke yi? To, Allah ya kawo kasuwa."

Sai da ta rufe baki sannan ya danna maɓallin ɗauka.

Ya kai wa ƙanwarsa, ya gaya mata iyakar abin da ya samu ke nan. Ba ta yi masa ƙorafi ba. Ta karɓi abin sauraron ta kifa a kan ɗankwalinta. Akwai agogon bango a ciki, da ƙarar ƙarfen gado sau ɗaya. Dab da ƙarshe sai wani ɗan sauti daga maƙogwaro, gajere, an danne shi.

Ta fizge abin daga kunne, idonta ya cika. "Dariya ce! Wallahi dariya take dannewa. Haka take yi in ta ga ka sa fuskar shanun nan taka."

Ya riga ya duba kwanan watan da rikodar ta rubuta: 'yan watanni ne kafin likita ya gano ciwon ƙirjin da ya yi ajalin Mama. Ya san yadda tari yake in an danne shi, ya goge irinsa ba adadi. A minti ɗayan nan idonsa yana kan allon rikoda, yana bin yadda sauti ke hawa da sauka. Bai kalli fuskarta ba.

Ya koma ɗakin aikinsa ya ɗaga sautin, ya rage masa gudu, ya tace ƙarar agogon. Ya kai wa wani tsohon abokin aiki mai kaifin kunne. Mutumin ya saurara ya sake saurara, ya ce zai iya zama ko wanne, dariya ko tari.

Ƙanwar ta ajiye nata a waya, ta sa masa suna Dariyar Mama, tana kunna wa yaranta. Nasa yana cikin kwamfuta da lambar da rikoda ta ba shi. Har yanzu bai sa masa suna ba.