Tambarin Bayan Riga

A cikin watan Afrilu na shekarar 1978, wadda mutanen ƙasar ke ƙirgawa ta hamsin da uku ta zamanin sarkinsu Showa, Tsuneo Hagiwara ya buɗe sabuwar mujallar da edita ya miƙa masa a wani gidan shayi na unguwar Shinjuku, ya kai shafin da aikinsa yake, sai ya rufe ta da sauri.

Irin wannan mujalla, ta maza masu son maza, ba ta daɗe da fitowa fili ba. Bayan yaƙin duniya na biyu 'yan takardu ne ake bugawa a ɓoye, a aika wa waɗanda aka yarda da su ta gidan waya. Sai a 1971 aka fara ajiye irinta a kantin littattafai. Masu zanenta ba sa zana siraran samari masu manyan idanu irin na littattafan 'yan mata. Ƙarti suke zanawa: masunta, 'yan dako, masu ɗaure da farin bante a ranar bikin unguwa. Tsuneo ya shekara uku yana zana musu labarai da sunan aro, kuma ba wanda ya sani a gefen Kogin Sumida, inda shi da yayansa Iwao suka gaji marinar mahaifinsu.

Labarin wannan wata na wasu maza biyu ne masu ɗaukar mikoshi, wato karagar abin bautar unguwa da ake zagayawa da ita a kafaɗa. A shafi na ƙarshe ɗayansu ya juya baya, kuma a bayan rigarsa ga tambari: igiyar ruwa mai kai uku a cikin da'ira. Tsuneo ya tuna yadda abin ya faru. A cikin hunturu, sa'ad da yake zana labarin, shi ne kuma yake tsara sabon tambarin rigunan bikin unguwarsu. Bayan rigar mutumin da ke cikin zanen ya yi masa fayau, hannunsa ya cike gurbin da abin da ya saba da shi.

Ba a fitar da tambarin ba tukuna. Daga shi sai Iwao sai dattawan kwamitin biki suka gan shi. A watan Mayu kuwa maza tamanin za su goya shi a baya su ratsa titi a gaban masu ɗaukar hoto. Duk wanda ya haɗa hoton da shafin, ya san ƙofar da zai nuna. Kuma ba sunan Tsuneo kaɗai ke rubuce a labulen ƙofar ba.

Ya tarar da Iwao a tsakar marina yana motsa tukunyar shuni.

"Yaya, tambarin nan bai kwanta mini ba. A bar ni in sake shi."

"Kai, ka ji shi!" in ji Iwao, bai ko ɗago ba. "Ka riga ka yanka takardar zane, yadi ya iso, shugaban kwamiti Kuramochi ya sa hannu. Yanzu ne ka zama gwani mai tsantseni?"

"Kan igiyar na tsakiya ya karkace."

"Kanka ne ya karkace. Mutum ya kai talatin da biyar ba mata, dole ya riƙa ganin karkata a ko'ina. Je ka jiƙa shinkafar ƙullu, jibi za mu fara shafawa."

Tsuneo ya jiƙa shinkafar. Da la'asar ya bi ta kantin littattafan Iya Otake, kusa da tashar jirgi. Bai taɓa sayen mujallar a can ba, amma ya san inda take, a kanta ta ƙasa can lungu, bayan littattafan kamun kifi. Uku ake kawo mata kowane wata. Ya kuma san yadda ake sayenta: mutum ya cusa ta tsakanin jaridar wasanni da wata mujallar, tsohuwar ta naɗe duka a takarda tana kallon titi. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. Ɗaya ta rage.

"Tsuneo, ɗan marina! Me kake nema a ƙasa, allura?" in ji Iya Otake daga kan kujerarta. "Zo nan in nuna maka hoton jikar ƙanwata. Ta iya girki, ba ta da surutu. Hannuwan nan naka masu shuɗi ma ta ce za ta jure."

Ya yi dariyar dole, ya sayi fensir, ya fita. Biyu daga cikin mujallun sun tafi. Suna cikin unguwar nan, a ƙarƙashin tabarmar wani ko a bayan tufafin wani. Shekara uku yana zana wa mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, yana ɗaukarsu mazauna garuruwa masu nisa. Yau kuwa duk wanda ya gaishe shi, mai awarar tofu, wanzami, ɗan sandan kan kwana, sai ya tsaya yana auna gaisuwar. A gidan wankan unguwa ya zauna fuskarsa a bango. A gida ya ture abincinsa gefe, har matar Iwao ta tambaya ko miyarta ce ta yi gishiri.

Ran da za a fara, sun shimfiɗa yadin farko a kan dogon katako, Tsuneo ya ɗora takardar zane, Iwao ya ɗebo ƙullu a faifan katako, wanda ake shafawa ta hudojin takardar don kada shuni ya kama wurin. Sai aka ɗaga labulen ƙofa. Kuramochi ne, mai sayar da shinkafa, shugaban kwamitin biki, dattijo mai furfura da jikoki huɗu, wanda ba a taɓa jin ya sake magana bayan ya yanke ta ba.

"Sannunku da aiki. Iwao, dakata da hannun nan."

"Shugaba, barka da zuwa. Lafiya dai?"

"Tambarin nan ne. Na kwana ina juya shi. Ba na so."

"Haba Shugaba! Kai fa ka ce ba a taɓa yin irinsa ba!"

"Na ce. Yanzu kuma na ce ya yi kama da alamar kamfanin sabulu." Ya tsura wa takardar ido, bai dubi Tsuneo ba ko sau ɗaya. "A mai da kawunan biyu, a cire da'irar, a sa ankar jirgin ruwa a ƙasa. Tsohuwar takardar kuma a ƙone ta, kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Sauran dattawan ni zan ji da su."

"To ai wannan wawan ma abin da yake ta faɗa ke nan," in ji Iwao, ya dangwarar da faifan. "Kun haɗa baki ne?"

Tsuneo ya ji kamar an zuba masa ruwan tukunya a ƙeya. Kuramochi ya gyara ɗamararsa a hankali.

"Ni da shi? Me zai haɗa ni da yaron nan?" Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin labule, bayansa gare su. "Hannunka na da kyau, Tsuneo. Ka riƙa duba abin da yake yi."

Iwao ya bi shi waje yana ƙorafin yadi da lokaci. Tsuneo ya ɓamɓare takardar daga kan yadin, ya kai ta murhun da ake dafa ƙullu, ya tura ta ciki. Ya tsaya har igiyar ruwan ta murɗe ta zama toka, sannan ya ɗauko sabuwar takarda da wuƙar yanka. Yanzu ya san ɗaya daga cikin mujallu biyun da aka saya tana hannun Kuramochi; ɗayar ce bai san inda take ba. Ya sa bakin wuƙa a takarda, ya ɗaga, ya sake sawa, yana jin takun masu wucewa a bayan katanga.