Harbin da Bahoz Ya Yi wa Dutse

Kwana goma sha tara ke nan da dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne Ferzende da alfadaransa biyu a mashigin ƙauye. An soka sanduna, an haƙa, an gaji. Uwarsa ce kaɗai ba ta gaji ba. Kullum da hantsi takan ɗauki doguwar sanda ta nufi gindin dutsen.

Ƙanin Ferzende, Bahoz, shi ne ya ce masa ya tafi, hanya lafiya lau. A sanin kakanninsu, dutse ba ya sakin ƙanƙara sai an fita kwana arba'in na tsakiyar sanyi. Amma bana, a tsakiyar arba'in ɗin, ruwan sama mai ɗumi ya sauka, abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Tun ranar, ko ɗigar ruwa daga indararo Bahoz ya ji, sai ya ji kamar takun alfadari.

Jiya ruwan ya dawo. Da safe Bahoz ya hau gangaren ya tura hannu cikin ƙanƙara. Sama nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ƙasa kuwa gari, ba abin da ke riƙe da ita. Maganin da aka gada shi ne a harba bindiga, ƙararta ta sa ƙanƙarar ta sauko tun babu kowa a ƙasa. Sai dai a kan Ferzende za ta sauka, kuma ba mai ganin gawarsa sai bazara.

Ya tarar da uwar tana soke-sokenta.

"Inna, taso mu tafi. Harbi zan yi."

"Kai da ka san dutse! Ai mun ga sanin naka."

"Na ji, Inna. Taso."

"Jiya sandar nan ta taɓa wani abu. Wallahi ta taɓa. Binne shi sau ɗaya bai ishe ka ba?"

"In na bar ki, gobe mutum biyu zan nema."

Ta ƙi motsi. Ya sunkuce ta a baya, tana dukansa da hannu, har bakin masallaci, ya damƙa ta ga matan maƙwabta.

Ya koma ya ɗaga bindiga, ya ce a hankali, "Yaya, ka yafe mini."

Ya harba. Dutsen ya yi nishi. Farar ƙura ta turnuƙe kwarin. Da ta lafa, Bahoz ya duba wurin da suka kwana goma sha tara suna haƙa, ya kasa gane ko ta ina ne.