Tsawon Baba

Tun da aka yi wa Baba aikin ƙugu ya daina zuwa filin golf, daga nan kuma ya daina kusan komai. Mutumin da ya yi shekaru yana sammako da jakar sanduna a kafaɗa ya koma zaman kujera, talabijin na ta surutu shi kuwa hankalinsa na wani wuri. In ya tashi, a sunkuye yake tafiya kamar mai neman allura. Likita ya ce ƙugu ya warke sarai, saura mai ƙugun, kuma in aka ci gaba da wannan zama ƙafafun za su daina ɗaukarsa.

A gidan Auta yake zaune, 'yarsa ta ƙarshe, wadda in abu ya dame ta ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta sayo na'urar nan ta buga golf a cikin gida: farin labule mai kauri, majigi mai haska filin wasa a jikinsa, da koriyar shimfiɗa da ake tsayawa a kai a buga ƙwallo. Tunda Baba ya ƙi zuwa fili, sai a kawo masa filin har ƙofar ɗaki.

Mai haɗa na'urar ya zo ya zagaya gidan. Ya ce yana son wuri mai faɗi don kada sanda ta daki bango, da tazara tsakanin shimfiɗa da labule don kada ƙwallo ta dawo wa mutum a goshi, amma tsawon sama shi ne babban ciwon kai. Ya ce a kawo wanda zai yi wasan, a ba shi sanda mafi tsawo ya wulwula a gani. Auta ta ce sam, ba-zata take so ta yi wa mahaifinta.

Gareji ya fi ko'ina tsawo, sai dai akwai matakala kafin a kai. Don haka ta zaɓi ƙaramin falon da ke jikin ɗakin Baba, mai silin ɗin da aka sauko da shi don ɓoye wayoyin lantarki. Maganar gwaji kuwa ta warware ta da dabara. Ta sa mijinta ya tsaya kusa da Baba a wayance, ta ga kafaɗunsu sun zo daidai, shi ke nan ta sami ma'auni. Mijin nan, bawan Allah, bai taɓa riƙe sandar golf ba. Ya ɗaga ta kamar mai korar kaji, ba ta taɓa komai ba. Aka cire fanka, aka fitar da kujeru, aka kafa labule.

Ranar da aka gama, Auta ta riƙo hannun Baba ta shigo da shi. Ya dubi koren fili a jikin labule, ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya ce shi yanzu ai ya wuce wannan, a ba shi kujera. Don dai kada wahala ta tashi a banza, Auta ta ce wa mijinta ya buga su gani.

Surukin ya damƙi sanda kamar taɓarya. Baba ya kau da kai, ya sake dubawa, abin ya fi ƙarfin haƙurinsa.

"Ba haka ake riƙewa ba. Kawo nan."

Ya karɓa, ya hau shimfiɗa, ya ware ƙafafu. Bayansa ya miƙe, kafaɗu suka buɗe. A nan Auta ta ga kan mahaifinta ya zarce na mijinta nesa ba kusa ba. Dogon mutum ne tun asali, ita ce ta manta.

Ya ja sanda baya, ya sako ta. Ƙwallo ta daki labule, kan sanda kuma ya zarce sama ya burma silin. Farin gari ya zubo masa a hula. A jikin labule ƙwallo ta yi ta tafiya har ta sauka can nesa, ba wanda ya kalle ta.

Baba ya ɗaga kai ya dubi ramin. Kafaɗunsa suka fara komawa inda suka saba.

"Yi haƙuri, Auta. Na yi miki ɓarna a gida."

Ya miƙa wa surukinsa sanda, ya juya yana neman kujera. Tsoro ya kama Auta, don ta san in ya zauna yau ba zai ƙara tashi don wannan ba. Ta karɓe sandar daga hannun mijinta, ta sa ta cikin ramin, ta dinga zungura har wani babban ɓangare ya faɗo ƙasa, wayoyi suka bayyana.

"Gobe kafinta zai cire silin ɗin gaba ɗaya," in ji ta. "Kuskurena ne, Baba. A sunkuye na auna ka."

Ta share shimfiɗa da ƙafa, ta ɗora wata ƙwallon, ta miƙa masa sanda. Baba ya karɓa. Sannan ya kaɗe hularsa, ya mayar, ya ce su matsa baya.