Yatsu Biyu a Kwazazzabon Gorafe

Shekarar da Fulgencio ya sayar da shagon askinsa na Guadix, kowa ya zaci kujerar hutu zai saya ya zauna a ƙofar gida kamar sauran tsofaffi. Sai ga shi ya shigo unguwa da wata tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, tayoyinta sun kai masa ƙugu, sai ya kama ƙofa ya yi tsalle kafin ya hau. Matarsa Remedios ta leƙo ta taga, ta dubi motar, ta dube shi, ta ce, "Wa ya mutu ya bar maka tarakta?"

Bai kula ta ba. Ya shiga ƙungiyar masu hawa duwatsu da mota, ya sayi hula irin tasu. Abin da ya fi burge shi a cikin harkar shi ne alamun hannu. In direba zai sauka gangara mai wuya, ba ya ganin inda tayarsa za ta taka, don haka wani ke tsayawa a ƙasa yana nuna masa. Dunƙule hannu, tsaya. Yafito, taho. Yatsa ɗaya, sa motar a giya ta ɗaya; yatsu biyu, giya ta biyu. Kullum da yamma sai ya zauna a falo da murfin tukunya a matsayin sitiyari, ya tsayar da Remedios a gaban talabijin.

"Reme, in kin miƙo hannu haka, me kike nufi?"

"Ina nufin ka ba ni murfina, miya na tafasa."

'Yan ƙungiya sun sa ranar Lahadi za su shiga kwazazzaban Gorafe. Fulgencio bai so ya ji kunya a gabansu ba, sai ya ce ranar Asabar zai je ya gwada hannu a asirce. Shi da Remedios suka ɗauki Ginés, ƙanenta, mai gidan burodi, mutumin da in ya shiga mota sai ta kwanta gefe. Shi ba duwatsu suka kawo shi ba. Ya ji labarin an soya wainar ƙwai da dankali, an gasa ɗan akuya. Ya zauna a baya ya rungume kwandon abincin a cinya.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Jar ƙasa ko'ina, tsaunuka sun tsattsage kamar an yanka su da wuƙa, motar tana gurnani tana hawa. Fulgencio har waƙa yake yi. Wajen azahar suka iso inda hanya ta karye: wani faffaɗan dutse kamar matakala, daga nan sai gangara zuwa busasshen rafi. Waƙa ta tsaya.

"Reme, sauka. Lokacinki ya yi."

Ta sauka tana mita, ta lallaba ta gangara da takalmanta na zuwa coci, ta tsaya a ƙasa. Ta yafito. Ya taho a hankali. Ta dunƙule hannu, ya tsaya cak. Ransa ya yi fari. Ashe matar nan tana saurarensa.

A daidai nan wayarta ta yi ƙara. Tun safe babu sabis, sai a wannan lungun ya ga damar zuwa. 'Yarsu Nuria ce daga Granada. Remedios ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta ɓangaren da gashi ya rufe, don ita ba ta iya magana in hannuwanta ba su sake ba. Fulgencio kuwa daga sama, gilashi a rufe saboda ƙura, hannuwan kawai yake gani.

Ya ga ta dafe ƙirji. Wannan ba ya cikin darasi, amma ya jira. Sai ta ɗaga yatsu biyu. Ya yi mamaki, giya ta biyu a kan wannan dutse? Ta sake ɗaga su, ta girgiza su da ƙarfi, bakinta buɗe. Ya sa giya ta biyu. Sai ta ware hannuwa duka biyu tana yafitowa kamar za ta rungume duniya.

"Ai ta fi mu gani," in ji shi. Ya taka totur.

Motar ta yi tsalle kamar akuya. Aka ji ƙarar ƙarfe a kan dutse, sannan shiru. Cikinta ya ɗare a kan bakin dutsen, tayoyin gaba suna lilo a iska, na baya da ƙyar suke taɓa ƙasa. Fulgencio ya dubi gabansa, babu komai sai yashin rafi can ƙasa.

"Suruki," in ji Ginés, "mun iso ne?"

Ya sunkuyo don ya leƙa, hancin motar ya yi ƙasa.

"Koma baya! Kar ka motsa! Kai ne ke riƙe da mu!"

Ginés ya koma ya jingina, motar ta ɗago. Ya ce, "Tun ina yaro ake yi mini gorin ƙiba. Yau ga ranarta."

Fulgencio ya sauke gilashi. "Reme! Kashe ni za ki yi? Wa ya ce miki giya ta biyu?"

"Wace giya? Tagwaye ne, wawa! Nuria na da ciki, likita ya ce biyu ne!"

Ginés ya yi ihu ya ɗaga hannu zai tafa, motar ta sake yin sujada, ya mayar da hannunsa a hankali ya yi murna da gira kawai.

Mafita ɗaya ce: a jera duwatsu ƙarƙashin tayoyin gaba har su sami abin takawa. Fulgencio ba zai iya ɗaga ƙafa daga birki ba. Ginés ba zai iya fita ba. Su biyun suka dubi Remedios.

Haka ta tuɓe takalman coci, ta yi ta jido duwatsu a cikin rana, kowane dutse da irin zagin da ke raka shi. Ta zagi motar, ta zagi wanda ya sayar da ita, ta zagi 'yan ƙungiya da hulunansu. Can ta ji ƙamshi, ta ɗago kai, ta ga bakin ƙanenta yana motsi.

"Ginés! Ɗan akuyana kake ci?"

"Yaya, nauyi nake ƙarawa. Don lafiyar mijinki ne."

Ya miƙo wa Fulgencio tsoka ta bayan kujera, shi kuma ya karɓa ba tare da ya bari sun haɗa ido da matarsa ba.

Da rana ta karkata tulin duwatsun ya kai. Remedios ta kashe wayar, ta cusa ta cikin jaka, ta ɗaga yatsa ɗaya tak, wanda ya fi kama da gargaɗi. Motar ta yi nishi, ta goga ciki, ta sauko dutse bayan dutse, ta bar bambar baya a sama. Ginés ya faɗo waje ya ruga bayan wani tsauni yana riƙe da mara.

Fulgencio ya sauko, ƙafar birki ta sage, ya zauna a yashi. Sai hawaye. Remedios ta tsaya a kansa, hannuwa duk ƙura.

"Bambar ce kake yi wa kuka?"

"Biyu fa, Reme," ya ce. "Mu da muka yi ta roƙon jika ɗaya."

Ta zauna kusa da shi, ta goge masa fuska da gefen siket, ta bar masa jar ƙasa a kumatu.

A hanyar komawa ya yi ta waiwayen kujerar baya. Can ya ce, "In aka sauke Ginés, kujerun jarirai biyu za su shiga nan daidai."

"Ranar da ka sa jikokina a cikin wannan abin," in ji Remedios, "a cikinsa za ka ƙarasa kwanakinka."

Ginés ya leƙa kwando ya ce, "To wainar nan fa, akwai mai so, ko in taimaka?"