Ranar Da Muka Kai Alhaji Brimah Tafo

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina jan motar gawa ta masallacin unguwarmu a Zangon Kumasi. Sunana Karimu, amma Baba Direba ake ce mini. Akwai waɗanda in sun hango ni da sassafe sai su sake hanya, sai ka ce ni nake aiko mutuwar. Ko a jikina. Duk mai kauce mini yau wata rana zai hau, kuma ba zai yi gardamar wurin zama ba.

In ka daɗe a aikin nan, ba sai an gaya maka abin da hanya take ci ba. Farkon fara aikina, in ka ji an ce hatsari, to lori ce ta kife a hanyar arewa da masu albasa da dillalan shanu. Sau ɗaya ko biyu a shekara, amma in ta zo sai mu yi sahu biyar a wuni. Da aka gyara titunan cikin gari suka yi sumul, sai na koma ɗaukar tsofaffi da mata masu talla, waɗanda mota ta kwashe suna tsallaka titi. Yanzu kuwa babur ne. 'Yan okada, da masu keke mai ƙafa uku da muke kira pragya, da waɗanda suka ari na aboki don zuwa sayen kati. Samari ne lafiyayyu, mai wankan gawa zai gaya maka jikin ba ko ƙwarzane, kan ne kawai.

'Yata Fareeda tana jami'a can wajen Ayigya, kuma a kan wannan ta yi aikinta na gama karatu. Sati biyu tana tatsata da tambaya, ta bi limamai, ta bi masu wankan gawa. Ranar da ta gama ta ajiye mini kwamfuta a kan cinya, ga layi ɗaya yana gangarowa, ɗaya yana hawa.

"Baba, wannan na lori ne, wannan na babur. In aka ci gaba a haka, nan da shekara goma, cikin samari goma da za ka kai maƙabartar Tafo daga unguwar nan, shida babur ne zai kawo su."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Ke da injinki kun gano abin da bayan motata ya sani tun kina goye."

Baki ne kawai na yi. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. In na wuce inda 'yan okada ke tsayawa a bakin titi sai in tsinci kaina ina ƙirga su goma-goma, ina duban fuskokinsu. In yi a'uzubillahi in kau da kai, in na kai kwana ta gaba in sake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rakiyar gawa. Mu a Zango in an yi rashi, samari kan babur suke raka mamaci. Mutum uku a kan ɗaya, ba hular kwano, wai abin kunya ne ka je jana'iza da tukunya a ka. Su tare mararraba, su cika gari da hon, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi. In ka yi magana su ce ai malamai sun ce a gaggauta kai mamaci. To, malam ya ce ka gaggauta kai shi, ya ce ka bi shi ne? Sau huɗu cikin shekara uku ina kai wanda jiya-jiya ya yi wa wani rakiya.

Ana cikin haka Alhaji Brimah ya rasu, ranar wata Alhamis da safe, a kan gadonsa, ciwon suga. Shi ne babban makanikin babur a Suame, unguwar makanikai, rabin masu hawa babur a Zango ta hannunsa suka bi. Da na ji labarin, kafin in yi masa addu'a gabana ne ya fara faɗuwa, Allah ya yafe mini. Na san yau titi zai ga abin da bai taɓa gani ba.

Na kawo mota ƙofar gida kafin azahar. Sai aka ce matarsa, Hajiya Ajara, tana kirana. Na tsuguna daga bakin ƙofar ɗakinta na yi mata gaisuwa.

"Malam Karimu, kai ne a gaba yau," in ji ta. "Rafi'u kaɗai ne namijin da Allah ya bar mini. Tun safe bai zubar da hawaye ba, bai ce da kowa uffan ba, sai goge babur yake yi. Ni na haife shi, na san abin da zai yi a kan titi. Ka kai mini ɗaya, ka dawo mini da ɗaya."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

"Na san da Allah. Kai nake roƙo."

Na fito na tarar da Rafi'u a gindin babur ɗinsa. Ja ne mai tanki rawaya, uban ne ya haɗa masa shi da hannunsa, ko makaho a Zango ya san kukansa. Rafi'u ba yaro ba ne, ya kusa talatin. Na ce ya zo ya zauna a bayan mota kusa da mahaifinsa.

"Baba Direba, babur ne ya ciyar da gidan nan. A kansa zan raka shi."

Bai ko ɗago kai ba.

Aka yi salla, aka sa makara a mota, liman ya shiga gaba kusa da ni. Na duba madubi, wallahi ban ga ƙarshen babura ba. Sun fi ɗari biyu. Na ce a raina ai ba za su wuce gawa su bar ta ba, in na tafi a hankali dole su ma su tafi a hankali. Na sa giya ta biyu na lafe.

Ashe garin neman gira zan rasa ido. Da suka rasa wurin gudu sai suka fara kewaya ni. Su wuce, su juyo, su faɗa hannun masu tahowa, su dawo. A Ash Town wata trotro, motar haya, ta taka birki har fasinjoji suka yi ihu, kwandastan ya leƙo yana surfa mana zagi da yarensu na Twi. Can sai ga Rafi'u ya zo daidai gilashina, ya miƙe tsaye a kan sirdi, ya saki hannu biyu. A nan ne kukan ya zo masa. Hawaye ya rufe masa ido, ga tifa tana tahowa.

"Malam Karimu, taka mana, rana tana yi," in ji liman.

Na taka. Suka ji na taka, suka ninka. In na rage bala'i, in na ƙara bala'i. Gumi ya jiƙa mini riga. Muna wuce Krofrom na ga gidan mai a hannun dama, na ratse na kashe mota.

Da farko na yi niyyar in ce inji ne ya tsaya. Har na fito zan buɗe gaban mota sai na tuna su wa nake shirin yi wa ƙarya. Makanikai ɗari biyu! Kafin in rufe baki sun sauke injin sun mayar. Sai na jefa makulli a aljihu na zauna a kan dakalin gidan man.

Suka yi mini caa. "Me ya faru? Mai ne? Batir ne?"

"Mota lafiyarta ƙalau," na ce. "Ni ne na lalace. Ba zan ƙara taku ɗaya ba ina kallon kuna neman ba ni aikin gobe. Mutumin nan ya koya muku abin da kuke ci da shi, ya ɗauke ku kuna 'yan tsaki. A cikinku ba mai kafaɗar da zai ba shi? Sai hayaƙi da hon?"

Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni, wani ya ce a ƙwace makullin. Liman, Allah ya saka masa, ya fito ya gyara rawani ya ce lokacin yarintarsa a kafaɗa ake kai kowa Tafo, kuma duk taku da ladansa. Rafi'u ne ya fara kashe babur ɗinsa. Ya jingine shi, ya zo ya buɗe bayan mota da kansa.

Saura kamar mil guda. Suka jera baburan a gidan man, suka ɗauki Alhaji. Ban taɓa ganin irinta ba. Ba ka jin komai sai sawun ƙafa da la'ilaha illallahu, wannan ya karɓa, wancan ya saki. Matan Asante masu sayar da borodi a bakin titi suka miƙe tsaye har muka wuce. Ni ina biye a baya da mota ba kowa a ciki, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na ce yau na yi abin da za a riƙa faɗa.

Sai da aka gama turbuɗa ƙasa, aka shafa fatiha, na ga samari sun fara sauri suna komawa wajen gidan mai, sannan hankalina ya dawo jikina. Zuwa na yi wa dabara, na manta da komawa. A komawa ba gawa, ba liman, ba abin da zai riƙe kowa.

Na kutsa cikin jama'a na cafke hannun Rafi'u. Duk ya yi laushi, jar ƙasa har gwiwa, kafaɗar rigarsa ta yage.

"Mahaifiyarka ta ce in kawo ka. Mota za ka shiga."

"Babur ɗina fa?"

Na zare makullin daga hannunsa, bai hana ni ba. Na waiga ina neman mai hankali a cikin taron. Idona ya faɗa kan Shamsuddin tela, ɗan Lariya mai waakye, wato shinkafa da wake, maƙwabciyar su Rafi'u. Mutum ne mai sanyi, bara ya yi aure, ba shi da babur, a bayan wani ya zo. Shi ya sa na zaɓe shi.

"Ka iya hawa?"

"Ina ɗan taɓawa, Baba."

"Ungo. A hankali, ka ji? Ka bari duk su wuce."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce to.

Liman da wani dattijo suka cika gaba, Rafi'u ya shiga baya ya zauna kusa da makarar. Ban tashi ba sai da ƙarar baburan ta ɓace. Na bi ta lunguna, na sauke dattijon a gidansa, na sauke liman a masallaci, ana ta yi mini sannu da ƙoƙari. La'asar ta wuce kafin in karya kwanar layin su Alhaji.

Tun daga bakin layi na ji kuka. Ba irin na safe ba, wanda ya riga ya gaji. Wannan sabo ne, ɗanye. Mata suka hango motata, ihun ya ƙaru, wata ta ɗora hannu a ka ta zube a ƙasa. Sai a lokacin na tuna motar gawa ba ta komawa gidan da ta ɗauki mutum a wuni ɗaya, sai in wani za ta kawo ko za ta ɗauka. Ina tsayawa wani tsoho ya kama ƙofata.

"Har ka ɗauko shi? Yanzu aka bugo waya. An ga babur ɗinsa a ƙarƙashin tifa a Krofrom, jan nan mai tanki rawaya. An ce har an rufe shi da zane."

Na buɗe ƙofa na fito.

Hajiya Ajara, wadda ko tsakar gida bai kamata ta taka ba a ranar, ta fito titi ba takalmi, mata biyu suna riƙe da ita. Ta tsaya a gabana. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi.

"Haka ka dawo mini da shi, Malam Karimu?"

Na zaga baya, sau biyu na kuskure mariƙin ƙofa. Na buɗe. Rafi'u ya sauko da ƙafafunsa, yana ƙifta ido saboda haske.

Sai layin ya ɓarke. Kabbara, salati, wasu suka ruga da gudu don tsoro. Hajiya ta kama kansa da hannu biyu tana shafawa, ta taɓa kunne, ta taɓa ƙeya, tana kiran sunansa ba ƙaƙƙautawa. Shi kuwa ya ji abin da ake faɗa a kan babur ɗin. Ta saman kafaɗarta ya dube ni, ni ma na dube shi. Duk layin nan mu biyu kaɗai ne ba mu ce alhamdulillahi ba.

Ɗaya daga cikin matan da suka riƙo Hajiya ta sake ta, ta ruga cikin gida, ta fito da kofin ruwa. Lariya ce. Tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, ta durƙusa ta miƙo mini.

"Sha, Baba Direba, duk ka jiƙe da gumi. Allah ya yi maka albarka, Allah ya raya maka naka. Kai, mutane da ƙarya! Saura kaɗan su kashe baiwar Allah nan da tsayuwarta."

Na karɓi kofin. Ta miƙe tana leƙen bakin layi.

"Shamsuddin fa, a baya kuka baro shi? Ya ce daga maƙabarta zai biyo ya ɗaukar mini tukunya."