Hanta Ɗaya, Mazaje Biyu

Mijina Wiebe na tsakiyar tatsar shanu aka kira daga asibiti. Hantar dashe ta samu, amma ba tasa ba ce tukuna. Shi ɗan ko-ta-kwana ne: akwai wani a gabansa mai ciwon dajin hanta irin nasa, sai an buɗe cikin wancan an ga ciwon ya bazu sannan a waiwayi nawa. Haka tsarin yake, domin hantar da aka ciro ba ta jiran kowa, kuma ba a dasa wa wanda cutar za ta koma ta cinye ta nan da nan.

"Tjitske, bari kawai," ya ce. "Su hana ni abinci yini guda, da yamma su sallame ni kamar ɗan makaranta. Ba yau aka fara ba."

"Cire takalmin nan mai kashin shanu ka shiga mota, tsoho. Ko sau goma suka kira, sau goma za mu."

Ni ban taɓa shakka ba. Ƙarin da ke hantarsa ƙarami ne, an ƙone shi ya tsaya cik, likita kuma ta ce irin su Wiebe in an yi musu dashe, yawanci sukan ga jikokinsu sun shiga makaranta. Namu jikan rarrafe yake yi.

Likitoci ba sa faɗin wane ne na farko, amma lardin namu na Friesland, a nan ƙasar Holland, duka nawa yake? Ina zuwa wajen injin kofi na asibitin na tarar da Aukje, matar Sjoerd mai gyaran kekuna, waɗanda muke haɗuwa da su wajen hoton ciki. Ta dube ni, na dube ta.

"Au, ku ne?" ta ce.

"Mu ne."

"To zauna mana, kin tsaya min a ka kamar 'yar sanda." Ta raba burodinta mai cuku gida biyu, ta miƙo min rabi. "Naki ma yana mitar yunwa?"

"Kamar ɗan maraƙi."

"Nawa cewa ya yi yana farkawa soyayyen kifi zai ci. Na ce masa sai dai ƙamshi, malam."

Muka yi dariya, ta gaske kuwa. Ina ƙaunar matar nan, ina kuma so hantar ta zama ta mijina, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa ɗaya ya hana ɗaya ba.

Aikin dashe yini yake ci. Kofinmu bai gama hucewa ba ƙofa ta buɗe, likitoci biyu suka fito. Ɗaya ya nufi ɗakin Wiebe da sassarfa. Ɗayar ta cire hular aiki ta doso mu a hankali, idonta na kan Aukje. Wadda ta daɗe tana jinya ba sai an gaya mata ba: an buɗe Sjoerd, an ga ciwon ya bazu, an ɗinke.

Murna ta taso min har wuya, baƙin ciki ya danne ta. Na kama hannun Aukje.

Ta zare hannunta. "Me kike yi a nan? Tashi ki je wurin mijinki kafin su tura shi ciki." Ta miƙe, muryarta ta fito sarai. "Ki gaya masa in ji ni, ya rayu. In ya kuskura ya yi wasa da hantar nan, ni da shi ne."