Masaukin Gidan Ashafa

Malam Saleh ya sake buɗe taswirar a kan gwiwarsa, karo na huɗu, ya ɗora yatsa a kan ɗan baƙin tabon da ke saman dutsen. Rubutun yana nan daram: Gidan Ashafa, masaukin baƙi. Ya ɗaga kai ya dubi gabansa. Masaukin ma yana nan, sai dai babu rufi, babu ƙyaure, ga wata bishiyar ɓaure ta tsiro a tsakiyar ɗakin, kaurinta ya fi ƙarfin runguma.

"Malam, wanne ne ɗakina?" in ji Madam Nguavese, malamar lissafi, tana haki. "Ni mai fanka nake so."

Malam Saleh ya sake sunkuyawa kan taswirar. Shekara goma sha tara ke nan yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Lafia. Ya zana duwatsun Eggon a allo ya fi sau ɗari, amma bai taɓa taka su ba, iyakarsa ya hango su ta tagar mota a hanyar Akwanga. Tafiyar nan shi ya shirya ta don yin bankwana da Mista Iorchia, malamin aikin gona da zai yi ritaya a ƙarshen zango, wanda ya taɓa cewa kafin ya koma gida Binuwai yana son ya ga Lafia daga sama. Malam Saleh har kanti ya je aka buga masa tsarin tafiya a kwamfuta. Ƙarfe ɗaya, abincin rana a masauki. Kwana a masauki. Kada kowa ya ɗauko abinci, nauyi ne kawai. Wannan na ƙarshe da biro ya ja masa layi biyu. Da safe matarsa Asama'u ta ƙulla masa soyayyiyar doya a leda, ya mayar mata kicin cikin lalama, irin yadda yake mayar wa ɗalibi aikin da bai yi daidai ba.

A gindin dutsen ma an yi masa magana. Wata mata mai sayar da abinci a ƙarƙashin mangwaro ta kira su, ta ce, "Ku ci tukuna, sama ba komai." Ya yi murmushi, ya buɗe mata taswira, ya nuna mata tabon. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta kalle shi, ta ci gaba da ferar doyarta. Har tausayinta ya ji.

"Saleh, ɗan'uwana."

Muryar Mista Iorchia ce, amma ta yi ƙasa. Yana zaune a kan wani faffaɗan dutse, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannunsa na rawa.

"Ba wasa ba, sugan nan ya fara sauka. Na sha magani da safe. Ka ce ƙarfe ɗaya za a ci."

Agogo ya nuna biyu da minti ashirin. Duk makarantar an san Mista Iorchia yana da ciwon suga, an kuma san ba ya wasa da lokacin abinci. Shi kansa Malam Saleh ya rubuta hakan a littafinsa na shiri, shafi na biyu.

Ya zazzage jakarsa a ƙasa. Kamfas, rula, tocila, fensir uku a fiƙe, da guntun alli da bai san yadda ya shigo ba. Madam Nguavese ta daina raha, ta ɗaga wayarta sama tana juyawa gabas da yamma. Ba sabis. Daga nan zuwa hanya kuwa tafiyar awa uku ce, da ƙafar mai lafiya.

Sai a lokacin idonsa ya sauka a kusurwar taswirar, inda aka buga shekara da ƙananan lambobi: 1958. Abu na farko da yake koya wa 'yan aji ɗaya ke nan, kafin ka karanta taswira, duba shekararta. Har maki biyu yake ragewa a kansa.

"Madam, ki riƙe shi da hira, kada ki bari ya kwanta," ya ce. "Zan sauka."

Gudu dai ba aikinsa ba ne, rabonsa da shi tun yana kwalejin horon malamai. Ya gangara yana zamewa, takalmin ofis yana santsi a kan duwatsu. Bai yi taki ɗari biyu ba ya kusa karo da mutum. Mai abincin gindin mangwaro ce, fartanya a kafaɗa, daro a ka, tana hawowa kamar mai zuwa maƙwabta, ko gumi babu.

"Malam mai takarda! Ka samu otal ɗin?"

"Mama, don Allah, abokina ba lafiya. Akwai abu mai zaƙi?"

"Tsohon nan? Na gan shi tun ƙasa." Ta ratse shi ta wuce. "Duk Asabar ina hawa gona. Yau na ƙara kwano uku."

Kunun zaƙi ta fara ba Mista Iorchia, kofi biyu, tana tallafe da ƙeyarsa. Bayan kamar minti goma rawar hannun ta tsaya, idonsa ya dawo daidai. Sannan ta buɗe kwanukan: dafaffiyar doya da manja da dakakken barkono. Malam Saleh ya yi niyyar cewa shi ya ƙoshi, amma cikinsa ya riga shi magana, kowa ya ji.

Sunanta Vera. A bayan bangon masaukin nan aka haife ta, babanta ne ke dafa wa baƙin masaukin abinci.

"Ƙauyen Gidan Ashafa ya sauka gindin dutse tun ina goye," ta ce. "Ruwa a ƙasa, hanya a ƙasa, makaranta a ƙasa. Wa zai zauna? Wurin da ka tsaya kana nuna mini takarda, shi ne Gidan Ashafa."

Madam Nguavese ta ƙware da dariya, sai da aka bubbuga mata baya.

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba?" in ji Malam Saleh.

"Na faɗa. Kai kuma ka ce takarda."

Mista Iorchia ya miƙe a hankali, ya taka zuwa bakin dutsen. Can kudu, inda sararin ya yi shuɗi, rufin kwano na ƙyalli kamar an watsa ƙwayar shinkafa.

"Ga Lafia can," ya ce. "Saleh, ka cika alkawari. Saura kaɗan in gan ta daga saman da ya fi wannan, amma ka cika."

"Ku tashi," in ji Mama Vera tana haɗa kwanuka. "Gonar ta jira mako mai zuwa. Ɗakin ƙanena ba kowa, maza ku kwana can. Madam ta kwana wurina."

"Akwai fanka?"

"Akwai mafici."

Malam Saleh ya naɗe taswirar, ya tura ta can ƙasan jaka. Ya ɗauko takardar tsarin tafiya da fensir guda, ya soke kalmar masauki a duk inda ta fito. Saura layi ɗaya, na gobe.

"Mama, ƙarfe nawa ake karyawa?"

"In na tashi."

Ya gyara zaman tabarau, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na allo: Karin kumallo, in ta tashi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya bi bayanta.